Bulon Roba da Cinikin Abin da Ido Bai Gani Ba

A ƙauyukan Tsanyawa, daga 'Yankamaye har Gurun, da zarar an yanke dawa an kai ta rumbu, kara ya zama na rabo. Magidanta su zaɓi miƙaƙƙu don danga, mata su kwashi na hura wuta, dabbobi su bi ganyen, abin da ya rage kuma na yara ne. Da shi muke ƙera mota. A fere ɓawon kara siri-siri, a yanyanka totuwarsa, a riƙa soka wannan cikin wancan har a tayar da bodi, sannan a nemo sakaina ko tsohon silifa a yanko tayoyi. Samfurinmu ba ya nisa, domin titin Kano zuwa Katsina ta garinmu ya ratsa, kullum muna kallon manyan motoci suna wucewa da lodi. Yaron da Allah ya ba hannu har sayarwa yake yi, a ba shi gyaɗa ko rake ko 'yan kwabbai. Amma babu wanda ke biya sai ya kama igiya ya ja, ya ga tayar tana juyawa.

Daga baya kayan wasan roba suka cika kasuwa, musamman da Sallah: bindiga mai ƙara, mota mai batir, gilashin ido. Yawancinsu ba sa kai ƙarshen yawon Sallah. Kuma ko sun kai, yaro ba shi da abin yi da su sai danna maɓalli. Shi ya sa da na fara ganin ƙananan bulon roba da ake harhaɗawa a gina gida ko mota, sai suka kwanta mini a rai, duk da cewa daga nesa suka zo. Aikin da suke sa yaro shi ne wanda kara yake sa mu: ya zauna, ya yi tunani, ya gina, ya rushe, ya sake.

Asalinsu wani kafinta ne a garin Billund na ƙasar Denmak, Ole Kirk Christiansen, wanda ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, ya kuma sa wa kamfaninsa suna LEGO a 1934. Bulon da aka sani yau, mai ƙusoshi a sama da 'yan bututu a ƙasa, an yi masa rajista a 1958. Tun daga nan ba a canza awonsa ba. Wanda aka zuba a waccan shekarar zai kama da wanda ya fito daga masana'anta jiya, ya zauna daram. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar ya ƙididdige cewa bulo 6 kacal, irin masu ƙusa takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi fiye da miliyan 915. Abin da ba ya lalacewa, ba ya kuma tsufa a awo, dole ya yi kasuwar gwanjo.

Wanda ya fara gane haka da kyau wani matashi ne mai suna Dan Jezek, haifaffen ƙasar Cek da ke zaune a Hawai. A shekarar 2000 ya buɗe kasuwa a intanet wadda ba a sayar da komai a cikinta sai waɗannan bulo. Da farko sunanta BrickBay, sai kamfanin eBay ya nuna rashin amincewa, aka mayar da ita BrickLink a 2002. Jezek ya rasu a 2010, kasuwar ta ci gaba, har a 2019 kamfanin LEGO da kansa ya saye ta, lokacin tana da shaguna sama da 10,000 a ƙasashe 70 da mambobi fiye da miliyan ɗaya. Mutum a Jamus zai sayi bulo guda ɗaya tak, mai launin toka, daga wani da bai taɓa gani ba a Koriya, kuma abin da ya nema shi zai zo masa.

Na san wannan ne ta dalilin ɗan yayata, malamin firamare a nan Tsanyawa, wanda albashi ya koya wa neman sana'a ta biyu. Idan ya shiga Kano yakan bi ta wajen 'yan gwanjo, inda ake kwance dilar kayan wasan yaran Turai, a zube su a ƙasa, 'yar tsana marar hannu a kan jirgi marar fiffike. A can ƙarƙashi yake tsinto bulon, a ba shi da arha don masu kayan ba su ɗauke su a bakin komai ba. Ya kawo gida, matarsa ta wanke da ruwan omo, a shanya a tabarma, a ware ja daban, shuɗi daban, tayoyi da 'yan mutum-mutumi daban. Sai ya ɗauki hoto ya ɗora a WhatsApp da Facebook da Jiji. Masu saye iyaye ne a Kano da Kaduna da Abuja, da masu makarantun kuɗi. A turo kuɗi ta waya, shi kuma ya kai ƙunshi bakin titi ya ba direba, ya karɓi lambarsa ya tura wa mai kaya. Wanda ya san garin nan kafin wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, lokacin da saƙon baki ma sai an jira mai zuwa birni, ya san ba ƙaramin abu ba ne wannan.

Sai ranar da ya so ya faɗaɗa. Ya ga wani a Legas ya ɗora hoton buhu guda, ya rubuta cewa duk na asali ne. Suka yi waya, mutumin ya yi rantsuwa, ya ce sai an biya zai kai tasha. Ya biya. Buhu ya iso, nauyinsa ya cika, amma fiye da rabi jabu ne, wasu ko kama juna ba sa yi. Ya kira, layi a kashe. Ya zo mini da buhun a bayan babur, ransa a ɓace.

"Kawu, ka ga fa abin da aka yi mini. Wallahi ba hoton da ya nuna mini ke nan ba."

Na ce, "Ɗana, a garinsu wa ya san shi?"

Ya yi shiru.

Tambayar ba tawa ba ce, ta kakanninmu ce. Bahaushe ya daɗe yana cinikin nesa, kuma bai taɓa yinsa a kan rantsuwar baƙo ba. Falke idan ya sauka a garin da ba nasa ba, gidan fatoma yake nufa. Shi zai sauke shi, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Abin da ya gani shi ne dukiya mai yawa tana tafiya a kan bashi ba tare da takarda ba, saboda akwai masu gida da suka san kowane mahauci da tarihin biyansa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa ya gama zagaya kasuwa kafin ya dawo. Ko a cikin gidajenmu haka ne. Dillaliya da ke shiga lungu-lungu da atamfa da kwanuka, ai ba kaya kaɗai take ɗauke da su ba, ta san wadda ke biya da wadda sai an yi ta sintiri. La'adar da ake ba ta kuɗin wannan sanin ne.

Malamanmu na zaure ma ba su bar zancen ba. Duk wanda ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji cewa ya halatta a sayi abin da ba ya wurin, matuƙar an siffanta shi, kuma ba a shardanta biyan kuɗi tun kafin ya zo sai idan yana kusa, ko kuma irin abin da ba ya canzawa ne, kamar gida ko gona. Har an yi maganar sayen kayan da ke cikin ɗauri bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Littafin ya haura shekara dubu, amma ka ce marubucinsa ya ga buhun Legas. Abin mamaki, da yawa daga masu tura kuɗi ga baƙo a waya sun karanta babin nan, sun ɗauka na raƙuma ne da fatake.

To, idan ka duba BrickLink, waɗannan abubuwa biyu ne ƙashin bayanta, siffa da shaida. Kowane irin bulo yana da lambarsa; wancan mai ƙusa takwas 3001 ne, a ko'ina a duniya. Kowane launi yana da suna guda da aka yarda da shi. Dole mai sayarwa ya faɗa ko sabo ne ko an yi amfani da shi, ko kwalin ya cika ko da giɓi. Akwai shafin da ke nuna nawa aka sayar da irinsa cikin wata 6 da suka wuce, don haka ba a yi maka farashin baƙo. Bayan kowane ciniki kuma mai saye da mai sayarwa suna rubuta wa juna shaida, ta zauna a jikin sunan mutum kowa yana gani. Kasuwar tana cire la'adarta, kashi 3 cikin 100 a ƙananan ciniki. Dillali ne da fatoma aka mayar cikin kwamfuta.

Mu kuwa mun karɓi wayar, mun karɓi tura kuɗi cikin daƙiƙa, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 da ya tilasta wa har mai shayi buɗe asusu, sai muka ga kamar dillali ya zama ɓarnar kuɗi. Muka cire shi, ba mu sa komai a gurbinsa ba. Jiji, da ta fara a 2014, allon talla ce, ita da kanta tana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Jumia ta samu shiga gidajen mutane ne da tsarin sai kaya ya zo ka biya. A WhatsApp kuwa daga kai sai halin wanda ka haɗu da shi. Kuma cutar ba ɓangare ɗaya take ba: masu saye ma suna turo alat na bogi, direba ya riga ya wuce Bichi kafin ka gane babu abin da ya shigo. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai yanzu birin yana da hoto.

Akwai wani kwaɗayin da ke biyo bayan wannan harka, na masu cewa bulo ya fi zinariya riba. Maganar tana da tushe: wani bincike da aka yi a wata jami'ar Mosko ya nuna tsofaffin kwalaye da aka daina yi sun riƙa ƙara daraja da kusan kashi 11 cikin 100 a shekara tsakanin 1987 da 2015. Amma wannan kwali ne da ba a taɓa buɗewa ba, an adana shi inda ba zafi ba ƙura. Kuma kamfani na iya sake fitar da abu duk ranar da ya ga dama. Kwalin bulon jirgin Millennium Falcon na 2007, da aka sayar a kan Dala 500, ya kai dubbai a hannun 'yan gwanjo, sai a 2017 aka fito da sabo wanda ya fi shi yawan bulo, farashin tsohon ya sauko. Ga mai albashin Naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a kan Dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, ɗaure kuɗin taki a kwalin roba ba dabara ba ce.

Ɗan yayar tawa bai bar sana'ar ba. Ya sayi littafi mai layi, kowane ƙunshi yana rubuta adadinsa da nauyinsa. Hotonsa yanzu na kusa ne, yadda za a ga sunan kamfanin a kan kowace ƙusa, domin na asali duk suna da shi. Kafin ya ɗaure kaya yakan kira mai saye ta bidiyo su ƙirga tare. Daga nesa kuma ba ya sayen komai sai inda yake da ɗan gari da zai je ya zazzage buhu ya duba, ya ba shi la'adarsa ba tare da ƙyashi ba.

Jabun nan ma bai zubar ba. Ya tsince waɗanda ke kamawa, ya zuba a leda, ya rubuta a jiki da babban baƙi cewa ɗan Caina ne, ya sa musu kashi ɗaya cikin uku na kuɗin na asali. Wata mai makarantar rainon yara ta kwashe su duka, ta ce in an samu wasu a ajiye mata.