Masu Tsofaffin Motocin Ƙauye, A Yi Hattara Da Yayin "Ƙarin Ƙarfi"

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya shafe mu, mu manoma da 'yan tireda masu lallaɓa tsofaffin motocin fetur masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser da Land Rover da Nissan Patrol, waɗanda da su muke fito da amfanin gona daga ƙauyukan da tirela da bas ba sa iya shiga. Ni ba bakanike ba ne, kuma karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma na daɗe ina riƙe da irin wannan mota, na kuma zauna da tsofaffin kanikawa na ji daga bakinsu.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne wani yayi da ya shigo mana na wai sai an ƙara wa mota ƙarfi. Kowa ya san tun ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta yi tsalle ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta haura Naira 1,000. To, sai mai mota ya ga sawu biyu zuwa kasuwa ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya haɗe lodin sawu biyu a sawu ɗaya. Da mota ta zo hawa ta fara nishi, sai ya nufi gareji ya ce inji ba ƙarfi, a yi masa dabara. A nan ne fa kuɗin masara ke fara zurarewa.

Abin da nake so 'yan'uwana su gane shi ne, mafi yawan waɗannan motoci ƙarfin da aka ƙera su da shi ya ishe mu aikinmu, tsufa da rashin kula ne suka cinye shi. Dubi injin 2F na Land Cruiser, wanda aka fara fitarwa a 1975, irin wanda ke cikin akori-kurar da ni da yayana muka haɗa jari muka saya. Silinda 6 gare shi, lita 4.2, kuma ƙarfin doki 135 ya fito da shi daga kamfani. Shi kuwa injin fetur na Land Rover mai silinda 4, lita 2.25, ƙarfinsa doki 70 ne da ɗoriya, amma da shi aka yi ta ratsa dazuzzukan ƙasar nan tun muna yara. Injinan nan an yi su ne domin ja a hankali da kaya a baya. Wanda ya maido musu abin da suka rasa ya riga ya samu ƙarin ƙarfin da yake nema, a kan kuɗi kaɗan.

Bari in kawo dabarun da ake yi mana ɗaya bayan ɗaya, jama'a su yi alƙalanci.

Na farko, faɗaɗa ƙofar man da ke cikin kafireto, wadda kanikawa ke kira jet. Wai idan mai ya yi yawa ƙarfi zai yi yawa. Ai ko mai girki ta san in aka cika murhu da itace iska ba ta shiga, hayaƙi kawai za a sha. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sosai. Man da ya wuce wannan ƙima, wani ya fita ta salansa baƙi ƙirin, wani ya toshe fulogi, wani kuma ya gangara ya wanke baƙin man da ke jikin silinda har ya tsinka na cikin inji. Ka sayi mai da tsada, ka kuma yi amfani da shi wajen cinye ringin motarka.

Na biyu, yanke salansa ko huda ta. Samarin direbobi suna son wannan saboda rugugi, har ka ji suna cewa mota ta buɗe. Wallahi ƙara ce kawai ta ƙaru. Ga kuma hatsari guda biyu: hayaƙin da ke fita a ƙarƙashin kujera yana shigowa gidan direba, kuma a cikinsa akwai iskar guba marar wari mai sa ciwon kai da gyangyaɗi a kan sitiyari, sannan tartsatsin wuta yana iya faɗawa busasshiyar ciyawa ko karan masara lokacin kaka. Mota ɗaya tana iya jawo gobarar da za ta cinye gonar mutum goma.

Na uku, cire matatar iska wai don inji ya yi numfashi. Jama'a, a ƙasar da hunturu ke tayar da ƙura har ba ka hango na gabanka? Ƙurar nan yashi ce, in ta shiga silinda aikin sanfefa take yi. Kafin damina ta zagayo mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Wanke matata ko sake ta nawa ne, a gwada da sauke inji?

Na huɗu, wanda ya fi zama ruwan dare, cire tamostat. Da mota ta fara zafi, abin da ake fara yi ke nan, wai na ƙasar Turawa ne masu sanyi. Alhali aikin ɗan ƙarfen nan shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da ya dace da shi, wajen digiri 82, sannan ya buɗe ruwa ya zaga lagireto. In aka cire shi, da asubar hunturu inji zai daɗe yana aiki da sanyi, yana shan mai fiye da ƙima, ƙarafansa suna cin juna. Kuma ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba, domin zafi yakan fito ne daga lagireton da laka da tsatsa suka toshe, ko murfin lagireto da ya saki, ko fanbel da ya yi sako-sako, ko famfon ruwa da ya gaji. An bar jaki ana dukan taiki.

Na biyar, manyan tayoyi. Tayar 7.50-16 da yawancin motocin nan suka zo da ita tsayinta wajen inci 32 ne. Wanda ya sa mai inci 35 ya ƙara kusan kashi 10 cikin 100, kuma gwargwadon haka ƙarfin ja zai ragu a ƙafa, birki ya ƙara wahala, allurar gudu ta riƙa nuna ƙasa da gudun da ake yi. Sai ka ga mutum ya kashe kuɗi ya rage wa motarsa ƙarfi, ya sake komawa gareji neman ƙarfi. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Sai babbar magana, wato sake inji ɗungurungum. Ban ce haramun ne ba. In inji ya buga har ba ya gyaruwa, dole a nemi wani. Amma masu cewa a cire 2F ko 3F a dasa 1FZ mai lita 4.5 wanda ya fito a farkon shekarun 1990, su riƙa faɗa wa mai mota gaskiyar lissafi. Sai an sake mazaunin inji, a daidaita bakin giya, a nemi lagireton da zai iya da shi. In kuma mai injekta ne, sai da kwamfutarsa da wayoyinta da famfon mai mai matsi, kuma ranar da ya tsaya maka a daji, bakaniken ƙauye ba shi da na'urar duba shi. Wanda ya nace sai wannan inji, ya sani akwai irinsa mai kafireto, shi ya fi dacewa da mu. Haka mai Land Rover da ya ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta, ya tanadi kuɗin shaf ɗin ƙafar baya, domin ko da injinta na asali an san ta da karya shi in lodi ya yi yawa. Sannan duk wanda zai sayi inji ɗan Kwatano, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Fanteka ta Kaduna, ya tafi da bakanikensa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, ya je a gyara takardun mota, don kada ya sayi rigima da kuɗinsa a shingen jami'an tsaro.

To, mene ne abin yi? Ga abin da tsofaffin kanikawa suka tabbatar mini, kuma a kansa muke tafiyar da tamu motar. A fara da auna matsin kowace silinda da agogon awo, domin shi zai nuna ko ringi da bawul suna da sauran rai. A yi setin tafet. A sa sababbin fulogi da wayoyinsu, a daidaita tayimin. A wanke kafireto a mayar masa da jet irin nasa na asali. A sake matatar mai, musamman ga mu da tilas kan sa mu sayi man galan a hannun 'yan bumburutu. A wanke lagireto, a mayar da tamostat. In akwai canji guda da na yarda a kashe masa kuɗi, shi ne a cire kwantak ɗin cikin distirbita a sa na lantarki, domin kwantak yana cinyewa a hankali yana ɓata tayimin, shi kuwa na lantarki in an saita shi ya zauna, mota ta riƙa tashi bugu ɗaya. Amma a ajiye tsohon kwantak a cikin akwatin sifana saboda ɓacin rana.

Kuma ina tuna wa direbobinmu cewa akwai ƙarin ƙarfi na kyauta da ke kusa da gwiwarsu, wato ƙaramar giyar nan da muke kira ogzilari. Tana ninka ƙarfin ja kusan sau biyu, a wasu motocin ma fiye. Amma sai ka ga yaro ya zo hawa ko taɓo da lodi, ya ƙi sa ta don kada a ce bai iya ba, yana ta ƙona kuloci har wari ya cika wuri. Sauri ya haifi nawa.

Abin tambaya a nan shi ne, duk masu neman a ƙara wa inji ƙarfi, mutum nawa ne a cikinsu ya ce a ƙara wa birki? Land Rover ƙirar da, ƙafafunta huɗu duk birkin duram ne, haka da yawa daga tsofaffin akori-kura. In gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya tana ninkawa sau huɗu ne. Ga buhuna an jera har sun wuce kan direba, ga mata da yara da 'yan kasuwa a zaune a kan buhunan, ga mota mai tsayi da ba ta son kwana da gudu. Waɗannan mutane amana ce a hannun mai mota, kuma Allah zai tambaye shi. Kuɗin da za a sayi manyan tayoyi, a sayi shu da man birki da sifirin da shokozoba da shi, ya fi alheri duniya da lahira.

Na san wasu za su ce, Malam, kai ba ka san halin da hanyoyinmu ke ciki ba ne, mota mai gudu ita ke tserar da mutum daga 'yan fashin daji. Na sani ƙwarai, kuma ba na raina tsoron kowa. Amma a hanyar da ramuka da yashi suka cinye, ba mai iya gudun da injin asali ya kasa. Abin da ya fi jefa mutum cikin hatsari shi ne motar da za ta yi zafi ta mutu masa a tsakiyar daji da magariba. Lafiyayyen inji shi ne kariya, bayan kariyar Allah.

Wasu kuma za su ce a mayar da motar ta gas, tunda Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin gas na CNG a 2023. Gas yana da sauƙin kuɗi, wannan gaskiya ne, amma a sani yana rage wa injin fetur ƙarfi da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, tukunyarsa tana da nauyi tana kuma cin wurin buhu, sannan mai zama a ƙauye ya fara tambayar kansa a ina zai riƙa sha. Wanda lissafinsa ya fita, ya je wurin waɗanda hukuma ta amince da su. Kada a manta da abin da ya faru a garin Benin a watan Oktoba na 2024, inda tukunyar da aka haɗa da walda ta fashe a jikin mota a gidan shan gas, mutane suka jikkata. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da su ja kunnen yaransu, su daina cire abin da ba su san aikinsa ba, su kuma riƙa gaya wa mai mota gaskiya ko da za ta rage musu kuɗin aiki. Ina kira ga shugabannin tasha da 'yan kamasho da su sa ido a kan lodi da fasinjan da ake ɗorawa a kan kaya. Ina kira ga ƙananan hukumominmu da su taimaka su riƙa zuba tsakuwa a hanyoyin ƙauye kafin kaka, domin rabin ƙarfin da muke nema a gareji hanya ce ke cinye shi. Mu kuma masu motoci, mu tuna jarinmu ke nan, ba mu da kuɗin sabuwa, kada garin gyaran gira mu rasa ido.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Saminaka, Ƙaramar Hukumar Lere,
Jihar Kaduna.