Hannun jinjiri yana riga bakinsa magana

Kowa ya san jinjiri yana ɗaga hannu biyu in yana son a ɗauke shi, yana kau da kai in ya ƙoshi. Yaro yakan iya tafi da nuni tun yana wata 9 ko 10, amma kalmar farko sai wajen shekara guda. A tsakanin nan ya san abin da yake so, baki ne bai iya faɗa ba. Sai kuka.

A Amurka, tun shekarun 1980, wasu masana suka shawarci iyaye su koya wa jarirai alamun hannu. Har littattafai ake sayarwa, ana cewa yaro zai fi tsaransa wayo. Wannan zancen ƴan kasuwa ne. A 2013 an fitar da wani bincike a Ingila a kan jarirai 40. Waɗanda aka koya wa alamu ba su riga sauran magana ba, kuma ba su makara ba.

Duk da haka, ni ina ganin ya kamata mu yi, don ba ya cin ko dala. Ku zaɓi alamu 3 ko 4: nono, ruwa, ƙari, ciwo. Duk sa'ad da uwa za ta yi alamar, ta faɗi kalmar, tana kallon yaron. Ba sai ta bar daka ko aikin gona ba, lokacin shayarwa da na wanka sun isa. Mai gida da ƴar raino su ma su riƙe alama iri ɗaya. A fara daga wata 6, domin kafin nan nonon uwa kaɗai ake ba jinjiri, ko ruwa ba a ba shi. A yi haƙuri, sai an yi makonni kafin ya maida alamar.

Tsofaffi suna cewa yaron da ya saba da nuni zai yi ƙyuyar baki. Ba haka ba ne. Da zarar kalma ta zo, da kansa zai bar alamar.

Babban dalilina kuwa shi ne yaron da ba ya ji. Sanƙarau, ƙyanda da ciwon kunne mai fitar da mugunya suna kurumtar da yara a ƙasarmu. Cikin yara kurame 10, wajen 9 iyayensu masu ji ne. Sau da yawa akan zauna jira, ana cewa zai yi magana, har ya shekara 5 ba shi da harshe ko ɗaya: ba na baki, ba na hannu. Shekarun nan na farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi ɗaukar harshe, kuma ba sa dawowa.

In jinjiri ba ya firgita da ƙara, ko ya daina waiwayowa in an kira shi bayan zazzaɓi mai tsanani, ku kai shi gidan likita. Ku fara alamu da shi tun ran nan, kada ku jira sakamako. Alamu 4 ba su isa kurma ba. Shi maganar hannu cikakkiya yake bukata, wadda harshe ce kamar Hausa. Ku nemi manyan kurame na garinku su koya wa duk gidan, kuma ku tambayi makarantun kurame na Yamai, Maraɗi da Damagaram tun kafin yaron ya kai shekarun shiga aji.