Injin da ba ya shan ruwa

Yau shafin namu zai leƙa gareji ne, domin duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Faraku zuwa Jugu ko Malanbil ya san rabin ribarsa a hannun mota take.

Dattawanmu na nan Albarika za su tuna ƙaramar motar nan ta Volkswagen, Beetle, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru, masu Faransanci kuma su ce Coccinelle. Injiniya Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus, ta bayyana a 1938. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas. Da aka rufe ƙera ta a Meziko a 2003, an yi fiye da miliyan 21.

Abin da ya ba ta suna shi ne injinta. A baya yake, ba a gaba ba, kuma ba shi da lagireto sam. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, jikinsu duk tsaga-tsaga kamar na injin babur ɗin 'yan zemijan. Fanka ce ke hura musu iska, bel ɗaya kuma ke juya fankar tare da janareton caji. Ba ruwan da zai tafasa, ba tiyon da zai fashe a daji.

Masu ƙirar sun bar shi da ƙaramin ƙarfi da gangan. Na bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfin doki 25 ne kacal, don ya wuni yana aiki bai gaji ba. Baƙin mai lita biyu da rabi ya ishe shi. Noti huɗu ne suka riƙe shi da giya, bakanike da yaronsa sai su sauke shi ƙasa kafin a kira la'asar.

Amma fa yana da sharaɗi. In bel ya tsinke, fanka ta tsaya, ka kuma ci gaba da tafiya, cikin 'yan mintuna injin ya ƙone. Ƙurar hunturu in ta cakuɗe da mai ta toshe tsagar silinda, zafi ne zai taru. Silinda ta uku ma ta fi sauran ɗaukar zafi, domin na'urar sanyaya mai tana tare mata iska, sai a 1971 aka gusar da ita gefe. Shi ya sa direbobin da ba sa tafiya ba tare da bel na ko-ta-kwana da sifana ba.

Me ya kawo wannan tarihi? A kwanakin nan ina ganin matasanmu suna kwasar jari su nufi Kwatano su sayo mota mai kwamfuta, saboda sheƙi da sanyin ciki. Ranar da fitila ta kama a tsakiyar hanya, ga buhunan doya ko albasa a baya, bakaniken ƙauye ya duba ya ce sai an kawo na'ura daga birni. Kwana biyu kaya na rana, kasuwar Arziki ta ci ta watse, kuɗin makarantar yara ya tafi wajen janwe.

Ban ce a koma ga Beetle ba, zamaninta ya wuce. Amma kafin ka biya, Alhaji, ka yi tambaya uku: wa zai gyara ta tsakanin nan da inda nake zuwa? Kayan gyaranta suna Faraku ko sai an yi oda? Mene ne ƙaramin abin da in ya lalace zai kashe injin, kuma zan iya ajiye shi a but? In dillali ya kasa amsawa, riƙe kuɗinka.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa.