Ba Littafin Soyayya Ne Ya Kashe Gizo Ba

A shekarar 2007, gwamnan Kano na wancan lokaci, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Aka tara littattafai aka cinna musu wuta a bainar jama'a, mutane da dama suka yi ta sa albarka. Hujjar da aka kafa a ranar ita ce dai ake maimaitawa har gobe a majalisun dattawa da ofishin malaman makaranta: wai littattafan soyayya ne suka buɗe wa yara ido, suka koya musu abin da ba su sani ba, suka kori tatsuniya daga tsakar gida. A da can, in ji masu wannan ra'ayi, yarinya ba ta san komai ba sai gaɗa da 'yar tsana, har ranar da za a sa ta a lalle.

Maganar tana da daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayanta ba.

Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa bayan sallar isha'i ya san abin da ke cikin tatsuniya. Ba wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi kaɗai ba ne. Akwai Daskin-da-riɗi, saurayin da ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta san sunansa, 'yan matan gari suka ci ado suka nufi gidansu. Akwai budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙare a hannun dodo. Irin waɗannan labarai sun cika kundin nan mai juzu'i uku da Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, tun ba a haifi marubutan Kano na yau ba. Ita kanta 'yar tsanar da ake kewa, me ake yi da ita? Aure ake yi mata, da jere, da kai amarya, da rigimar dangin miji. A waƙoƙin gaɗa kuwa 'yan mata sun daɗe suna ambaton wanda ransu ke so, suna yi wa tsohon da aka ba su ba'a, iyayensu mata na ji daga cikin gida.

Baba ta Karo, wadda aka haifa wajajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954. Ta faɗi yadda samari da 'yan matan zamaninta ke tsarance. Ta kuma faɗi cewa Malam Maigari take so, amma aka ɗaura mata auren zumunci da ɗan uwanta Duma. Ta zauna na wasu shekaru don ta faranta wa iyaye, daga baya ta fito ta auri wanda take so tun fari. Wane littafi Baba ta karanta? Wane fim ɗin Indiya ta kalla? Ko a rubutun boko, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930, labarin Abubakar ne da Zainab da attajirin da ya sa dukiya ya raba su. An daɗe ana karantar da shi a makarantu, ba a taɓa jin an ƙona shi ba.

Abin da ya sauya a shekarun 1980 shi ne hannun da ke riƙe da alƙalami. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da 'ya'yan talakawa. Bayan shekara goma waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata, sun iya karanta Hausa, ga kuma tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya. Hafsat Abdulwaheed ta riga ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Sai matasa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu, ana kai wa 'yan kasuwa, ana ba da haya, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya cire. Da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali da ta nace wa talaka Muhammad, sai aka yi masa caa, wai yana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Sumayya ta faɗa rijiya a cikin littafin, gaskiya ne. Amma rijiya da auren dole sun san juna tun kafin a haifi marubucin.

Mai son ya san abin da ke yanke wa yaro ƙuruciya, ya dubi rayuwar Balaraba Ramat Yakubu. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad ce, ba 'yar gidan da ba a san darajar ilimi ba, amma aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara kamar 13. Auren bai je ko'ina ba. Sai daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci ta ƙarasa abin da aka katse mata. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu, yarinyar da mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayinta ɗan boko ya guje ta saboda rashin ilimi, aka miƙa ta ga tsoho Sarkin Noma. Wannan littafi yana cikin jinsin da ake cewa yana lalata tarbiyya. To wa ya lalata rayuwar Abu, littafi ko mahaifinta? Wani littafin nata kuma, Alhaki Kuykuyo Ne, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Baƙi na karanta ta a ƙetare, a garinsu kuwa an taɓa tara irin littattafanta a gaban wuta.

Tatsuniya kam ta yi rauni, babu musu. Sai dai manya ne suka sake ta. Gidan gandu ya watse, kaka tana ƙauye, jikoki suna ɗakin haya a birni. Filin da ake dandali an yanka shi fuloti an gina shaguna. Yarinyar da ya kamata ta yi wasa da yamma tana ɗauke da farantin talla, tana tara kuɗin kayan ɗaki tun ba ta san me ake nufi da ɗakin ba. Ɗan uwanta yana bakin kasuwa ko garejin gyaran babur. Wanda iyayensa ke da hali kuwa, daga boko sai islamiyya, daga islamiyya sai lesin, ya dawo ya kwanta a gajiye. Aka kuma samu masu wa'azin da suka ce tatsuniya ƙarya ce, gaɗa kuma shashanci. A wasu yankunan Zamfara da Katsina yau, wa zai bar ɗansa a waje bayan magariba? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da marubuci ya jawo.

A irin wannan hali, littafin soyayya ne kaɗai ɗakin da ya rage wa 'yar shekara 14 ta shiga ta rufe ƙofa. A nan take gwada zama wata, ta ƙi wanda aka ba ta, ta zama likita, ta yi kuskure ta ga ƙarshensa ba tare da ya taɓa jikinta ba. Aikin da Daskin-da-riɗi ya yi wa kakarta ke nan. Kuma malaman Hausa da yawa za su shaida, in sun so faɗin gaskiya, cewa ɗalibar da ta fi kowa iya karatu a aji sau da yawa ita ce mai ɓoye littafi cikin hijabi.

Masu suka ba su rasa abin kamawa ba. Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, ya daɗe yana kuka da raunin rubutun, kuma da yawansu sun cancanci kukan: ƙa'idojin rubutu a karye, jarumi kullum ɗan attajiri mai motoci, jaruma kullum fara mai dogon gashi, zubi kuma aron Indiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya mayar masa da martani a jaridu, aka yi muhawara mai amfani. Wannan ita ce hanyar gyara adabi. Wuta ba ta gyara komai ba. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta matsa wa marubuta da rajista da tantancewa, kasuwar takarda ta yi sanyi, labarin ya koma waya. Yanzu a WhatsApp da Wattpad ake rubutawa, a YouTube ake saurare, kuma a can ne batsar gaske ta samu gindin zama, ana sayar da ita da 'yan ɗaruruwan naira. Littafin da aka ƙona yana da sunan marubuci a bango, uwa tana iya tsintarsa ƙarƙashin matashi ta duba. Na cikin waya kuwa sai mai lambar sirri.

Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke da labari a ransu, kuma wasunsu a kan waɗancan littattafai da aka tsana suka koyi karatu. Ma'aikatun ilimi na jihohin Arewa su zauna da marubuta da malaman Hausa, su zaɓi masu kyau daga cikin littattafan nan, su zuba su a ɗakunan karatu na makarantun 'yan mata da na maza. Iyaye kuma, kafin su ƙwace littafi daga hannun 'yarsu, su karanta shi tukuna, sannan su tambaye ta me ta gani a ciki.