Gwajin Mota Ko Wasa Da Rai?

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2023 hukumar BBC ta Ingila ta ba da sanarwa cewa ta jingine shirinta na talabijin mai suna Top Gear, ba ta kuwa faɗi ranar komowarsa ba. Wanda bai san shirin ba ya iya cewa mene ne abin magana a nan, shiri nawa aka yi aka bari? To, wannan dabam yake. Tun 1977 aka soma shi a Birmingham, yana bayanin sababbin motoci da sha'anin kiyaye haɗari bisa hanya. A 2002 aka sāke masa kama, aka komar da shi wani filin jirgin sama a Dunsfold, har ya kai ana kallonsa a ƙasashe da yankuna fiye da 200. Abin da jama'a masu yawa haka suke kallo lalle ya isa a tsaya a auna shi.

Bari mu fara da yabo, gama ya cancanta. A 2003 masu shirin suka sayi wata tsohuwar Toyota Hilux wadda ta sha tafiya, suka ce sai sun ga bayanta. Suka kara ta da itace, suka bar ta a bakin teku ruwa ya shanye ta, suka cinna mata wuta, daga bisani suka ɗora ta bisa wani dogon bene aka rushe shi da nakiya. Makaniki ya zo da 'yan kayan aikinsa na hannu, ba tare da ya sa sabon ƙarfe ko ɗaya ba, mota ta tashi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar daji da damina a ƙasashenmu ya san wannan ba sabon labari ba ne, amma gani ya kori ji. Haka kuma a 2007 Jeremy Clarkson da Richard Hammond da James May suka sayi tsofaffin motoci masu araha suka ƙetare ƙasar Botswana, har da fagen gishirin Makgadikgadi. A cikinsu wata 'yar Opel Kadett ƙirar 1963 ta ba kowa mamaki. Irin wannan shi ne gwajin da yake amfanin talaka, watau mutumin da ba zai taɓa sayen sabuwar mota ba, abin da yake son sani shi ne wace ce za ta jure.

Har wa yau akwai hikima ga yadda suke karɓar manyan baƙi. Kome sunan mutum, kome dukiyarsa, 'yar ƙaramar mota guda mai araha ake ba shi, ya kewaya fili, a rubuta lokacinsa bisa allo tare da na sauran. Tom Cruise ya zo a 2010, ƙaramar Kia aka miƙa masa kamar kowa. Rowan Atkinson, wanda yaranmu suka sani da Mista Bin, ya zo a 2011 ya wuce shi. Mu dai ba mu ga laifin wannan ba.

Amma fa akwai inda muke da ja. Shirin ya gauraya gwaji da wasan kwaikwayo har mai kallo ba ya iya rabe wannan da wancan. A 2008 aka nuna ana tura wata motar lantarki ta kamfanin Tesla da hannu, kamar wutarta ta ƙare. Kamfanin ya ce ba ta ƙare ba, ya kai ƙara a 2011. Kotu ba ta ba shi gaskiya ba, ya ɗaukaka ƙara, a 2013 aka sake korarta. Ba mu ja da hukuncin alƙalai. Sai dai abin da shari'a ta ƙyale ba lalle ne ya zama abin da ya kamaci mai ba jama'a labari ba. Mutumin da zai fid da kuɗin guminsa bisa maganarka yana da hakkin ya san lokacin da kake gaskiya da lokacin da kake raha.

Babban abin kuwa shi ne rai. A cikin watan Satumba na 2006 Hammond ya shiga wata mota mai injin jirgin sama a filin Elvington kusa da York. Tana gudun mil 288 a sa'a guda taya ta fashe, ya sami rauni a ƙwaƙwalwa, da kyar ya sha. Wace tambaya ce ta mai sayen mota wannan gudu ya amsa? Babu. An yi shi ne domin a tara 'yan kallo, 'yan kallo kuwa in sun ga ɗari yau, gobe ɗari biyu suke nema. Aka ci gaba. Clarkson ya bar shirin a 2015 bayan ya bugi wani ma'aikaci, aka yi ta canjin masu gabatarwa, amma ba a canja wannan hali ba. Ran 13 ga Disamba 2022 wata buɗaɗɗiyar mota mai ƙafa uku ta kife da Andrew Flintoff, tsohon kyaftin na 'yan wasan kurket na Ingila, a filin Dunsfold, ta yi masa mummunan rauni a fuska. Shi ba direban tsere ba ne, ɗan wasan ƙwallo ne da aka ɗauko saboda farin jininsa.

Waɗansu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ba wanda ya tilasta musu shiga. Haka ne. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta yi shekaru tana sayar da shirin nan ga duniya ita ce da alhakin cewa a'a tun kafin a tayar da inji. Kada kuma a manta waɗannan mutane suna da filin da aka killace, da ma'aikatan ceto a tsaye. Saurayin da ya kalle su a wayarsa, sa'an nan ya ari motar mahaifinsa ranar biki ya hau titin da yara suke ƙetarawa, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Saboda haka muna ganin BBC ta yi daidai da ta dakata, ko da yake ta makara da shekara goma sha bakwai. In har za a komo da shirin, muna roƙo a komo da allon baƙi da 'yar motarsu mai araha, a komo da tsofaffin motoci da doguwar hanya, a kuma riƙa faɗa wa mai kallo a fili inda gwaji ya tsaya. Motar nan mai injin jirgi kuwa a bar ta a rumbu.