Shaidar Dagaci da Shaidar Waya

Tun zamanin da alƙalai ke zaman shari'a a zaure, ba a karɓar shaidar mutum sai an yi masa tazkiyya, a aika a tambayi waɗanda suka san shi a unguwa da kasuwa da masallaci ko adali ne. Wannan ƙa'ida kuwa ba ta mutu ba, domin har yau saurayin Kiyawa ko Gadanya ko Romo, idan yana neman aikin ɗan sanda ko na soja, sai ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci, ya karɓi takardar shaidar asali a sakatariyar Bagwai, sa'an nan ya nemi mai tsaya masa. Sai dai yanzu an sami mai shaida na biyu, wato wayar da ke aljihunsa, wadda ba ta jin nauyin mahaifinsa, ba ta kuma san uzurin ƙuruciya ba.

Dagaci, in an tambaye shi, yakan ce, "Yaron ya yi ƙiriniya, amma ya shiryu." Facebook ba ya faɗin haka. Ashar ɗin da yaro ya ɗura wa wani dattijo yana ɗan shekara 19 yana nan da kwanan watansa, ko ya goge kuwa, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Kada a ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai: tun 2019 Amurka ta wajabta wa masu neman biza su rubuta sunayen da suka yi amfani da su a irin waɗannan shafuka cikin shekara 5 da suka gabata, kuma abin da ofishin jakadanci ke yi, ba zai gagari mai makarantar kuɗi a Bichi ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne samarin da 'yan siyasa ke saya wa data don su ci mutuncin abokan hamayya, alhali kowa ya ga yadda mulkin Kano ya koma hannun wata jam'iyya a 2023, kuma manyan da ake zagi dominsu gobe za a gan su sahu ɗaya a wurin ɗaurin aure, shi kuwa yaron da aka ari bakinsa aka ci albasa, takardarsa na iya faɗawa teburin wanda ya zaga. Hankali dai shi ne mai neman aiki ya yi wa kansa muhasaba kafin ya miƙa takarda, ya share batsa da ƙazafi, ya nemi afuwar wanda ya zalunta, sa'an nan ya bar abin da zai yi masa shaidar alheri, ko da hoton tumatirin da ya noma a gefen madatsar Watari ne, ko na ɗaliban da yake koya wa lissafi da yamma.

Masu ɗaukar aiki su ma akwai haƙƙi a wuyansu. Mu mutane ne masu jingina suna ga gari, har a sami mutum biyar masu suna ɗaya kowanne da Bagwai a ƙarshe, ga kuma masu buɗe shafi da hoton wani; saboda haka wanda ya ga mummunan rubutu, kafin ya jefar da takardar, ya kira mai ita ya tambaye shi ko nasa ne, yaushe kuma ya rubuta.