Aikin yanar ido: biyu a rana ɗaya, ko ɗaya bayan ɗaya?

Ƴan uwa matasa, mu ne ke riƙe wa tsofaffinmu sanda zuwa asibiti, don haka maganar nan tamu ce. Duk sanda aka yi shelar aikin yanar ido kyauta a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, sai ka ji masu rakiya suna roƙo: "Likita, a yi wa Baba duka biyun mana, mu huta."

Na gane dalilinsu. Wanda ya taso daga ƙauyukan Dakoro ko Tanut ya biya kuɗin motar mutum biyu, ya bar sana'arsa, ya kwana a farfajiyar asibiti. In aka haɗa, tafiya ɗaya ce, jinya ɗaya. Kuma ana yi: Finland da Suwidin sun daɗe a kai, Ingila ma tun 2017 ta yarda a yi wa wanda idonsa ba shi da wata matsala.

Amma fa da sharaɗi. Kowane ido da nasa kayan aikin da aka tsabtace dabam, da sabuwar safar hannu, da magani daga wata kwalba. In na farko ya ba da wahala, a ɗage na biyu. Me ya sa? Ƙwayar cuta in ta shiga cikin ido bayan aiki, tana iya kashe shi cikin ƴan kwanaki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ido ɗaya aka taɓa, Baba na da saura. In biyu ne fa? Ƙari kuma, yadda na farko ya gani ne ke taimaka wa likita ya daidaita gilashin da zai dasa a na biyu.

To a inda ake dogon layi, ga ƙurar hunturu, ga gida nesa da likitan ido, ni dai ra'ayina a bi ɗaya bayan ɗaya. Sauri kan haifi nawa.

Abin da ya kamata mu matsa a kai shi ne a dawo. Masu shirya aikin su ba kowa takarda mai ranar dubawa da ranar ido na biyu, hukumomi kuma su tabbatar an cika alkawarin. In ba haka ba, idon da ya rage zai ƙare a hannun masu yawo ƙauyuka suna ture yana da tsinke.

Mu kuma masu jinya: in ido ya yi ja, zafi ya ƙaru, ko gani ya ragu bayan aiki, a koma asibiti ran nan. Kar a jira ranar kasuwa.